An kai Malam Sani bayan gari

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Mu nan Kuala Lumpur muna kullen korona, sai godiyar Allah.

Malam Sani, maƙwabcinmu da ya kawo mana yajinki bara, cutar nan ta ɗauke shi. Ba a bar mazanmu sun yi masa wanka ba, taimama aka yi masa ta kan leda. Sai hukuma ta shiga muhawara: wasu suka ce maƙabartar unguwa ta cika, wasu suka ce a samar wa baƙo gefe. Mu kuwa ba mu da baki. Ƙarshe dai bayan gari aka kai shi, inda kulle ya hana mu taka ƙafa.

Matarsa ta tambaye ni, "Maman Amina, in mun koma gida, wa zai riƙa ziyartarsa?"

Ku sa mu a addu'a, ki gaida kowa. Don Allah ki je wa mahaifiyarsa gaisuwa, ki daɗe. A nan ko tabarma ba a shimfiɗa masa ba.

Ƙanwarki,
Rabi