Wandon Ruwan Sada Maharbi

Bakin Kacala, ta Nguru
6 ga Oktoba, 2013

Zuwa ga ɗana Ukasha, a Alƙahira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Mahaifinka Sada ne ke magana, ƙanwarka Mardiya ke rubutawa. Kada ka ce me ya hana ni kiranka. Shekara arba'in bindiga na tashi a gefen kunnena, in aka kara min waya ba abin da nake ji sai kukan sauro.

Gyambon nan na ƙafata ta hagu ya ƙi rufewa. Likita ya ce ciwon suga ne ke riƙe da shi, kuma in na sake tsoma ƙafar a ruwan fadama, to in yi sallama da ita. Na tambaye shi ko dinya, agwagwar dajin nan, za ta biyo ni tudu in harbe ta, bai yi dariya ba. Ga shi nan da wata guda tsuntsaye za su sauka, ka kuwa san da abin da gidan nan ke ci.

Akwai wani abu da masu ƙidayar tsuntsaye ke sawa in sun zo mana duk shekara. Takalmin roba ne da ya haɗe da wando, ya hau har ƙirji, da igiyoyi a kafaɗa. Su wuni cikin ruwa su fito ƙafa a bushe. Ni wandon ruwa nake ce masa. Na sa an duba Nguru da Kano, ba a samu ba sai mai tsayawa a gwiwa. An ce mutanen Masar na harbin agwagwa, don haka ba za a rasa shi a can ba.

Ga zare biyu a cikin takardar nan. Farin tsawon tafin ƙafata ta hagu ne, baƙin daga diddige zuwa hammata. Kada ka sayo mai sheƙi, kada ka sayo ja, dinya ta fi ka ido. Ka nemo launin laka ko na busasshiyar ciyawar kacala, ka ba duk wanda zai taso gida.

Allah ya ba da sa'ar karatu.
Mahaifinka, Sada

*

Darrasa, Alƙahira
3 ga Nuwamba, 2013

Zuwa ga mahaifina abin girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga mahaifi, ina gaida Inna da Mardiya. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Saƙo ya iso ni. Sai dai Baba, garin nan ba yadda aka sani yake ba. Ana cikin dokar hana fita, ga shingayen jami'an tsaro, mu baƙi kuma an gargaɗe mu da yawan zirga-zirga. Abin da ka siffanta ban ci karo da shi ba.

Amma na yi nazarin maƙasudin maganar likita, na ga manufar ita ce kada ruwa ya taɓa ciwon. To shari'a ta riga ta kawo sauƙi. Ga huffi nan na aiko ta hannun Ya'ƙub, abokin karatuna da zai zo hutu. Safa ce ta fata mai laushi, wadda ba ta biyu a bayan babban masallaci. In ka sa ta da alwala, ba sai ka cire ba, shafa kawai za ka riƙa yi a kai har kwana da wuni.

Sannan ina roƙo, cikin ladabi, ka duba shekarunka. Lokaci ya yi da za a jingine bindiga a fuskanci masallaci. Fadama ba ta dace da dattijo irinka ba.

Ina neman albarka.
Ɗanka mai biyayya, Ukasha

*

Bakin Kacala
24 ga Nuwamba, 2013

Ukasha,

Wa alaikumus salam. Mardiya ta ce in fara da gaisuwa mai yawa, na ce ta rubuta abin da na faɗa kawai.

Na aike ka wando har ƙirji, ka aiko min safar jariri. Baƙin zaren nan da na aiko, ka ɗauka na ɗinkin hula ne? Kuma dokar hana fitar, na tambayi Ya'ƙub, ya ce ta dare ce. Da rana me ya ɗaure ka? Alwala kuwa tun kafin a haifi uwarka nake yin ta, ban aika Masar a koya min ba.

Amma ba wannan ne ya ƙona min rai ba. Abokin naka ya sauka a tasha yana tambayar gidan Malam Sada, mahaifin Ɗanmalam. Aka yi ta zagaye da bawan Allah gari, har gidan liman aka kai shi, sai da wata mai ƙosai ta ce ko dai Sada maharbi yake nufi. Ya shigo ya same ni a tsakar gida ina figar kirinjijiyar da maƙwabci ya kawo mana, gashin tsuntsu har gemuna. Ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah a yi min iso wajen Malam." Na ce wane malam? Ya ce, "Mai makarantar nan, wanda ke karantar da manyan littattafai." Na ce masa babban littafin da ke gidan nan shi ne wancan da ke jingine a bango, mai baki ɗaya. Ya dubi bindigar, ya dube ni, ya rasa inda zai sa idonsa. Yaron kirki ne, sai da na ji tausayinsa.

Ashe shekara huɗu Ɗanmalam ake kiranka a can, kana amsawa. To ka gaya min, wane malamin ne ya haife ka? Naman dinya ne ya kai ka islamiyya, shi ya kai ka Kano, shi ya ɗinka maka rigar da ka hau jirgi da ita. Ban taɓa sata ba, ban taɓa harbi ban ambaci sunan Allah ba. Me ke cikin sana'ata da har za ka canza min ita ba da sanina ba?

Tsuntsaye sun sauka. Tunda masu ilimi sun ce huffi ne maganin ruwa, gobe da shi zan shiga, mu ga iyakar karatun.

Sada maharbi

*

Bakin Kacala
12 ga Janairu, 2014

Yaya Ukasha,

Assalamu alaikum. Wannan ni ce da kaina, Baba bai san na rubuto ba. Ya hana a kira ka, ya ce a bar Ɗanmalam ya yi karatunsa.

Ya shiga ruwan. Ni da Inna mun yi roƙo har da kuka, ya ɗaura leda a kan huffin ya saɓi bindiga ya fita. Kwana tara yana shiga. Ka san fata in ta sha ruwa, riƙe shi take yi, sai ya wuni da jiƙaƙƙen abu manne da ciwo. A rana ta goma ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, wari ya hana mu zama a ɗakin. Mun yi sati uku a asibiti. An yanke babban yatsa da mai bi masa, likita ya ce saura ƙiris da ƙafar gaba ɗaya ce.

Na san taurin kan Baba ne, ba sai ka faɗa min ba. Amma ni na auna zaren nan da hannuna, Yaya, na kuma san na rubuta "har ƙirji" da manyan baƙaƙe. Kai da ke gyara wa mutane wasali a karatu, ba za ka ce ba ka gane ba. Kullum sai ya sa na buɗe ƙyallen ya dubi wurin, sannan ya ce in mayar. Ni dai na ji haushinka, kuma har yanzu ina ji.

In kana da abin faɗa, ka faɗa masa da kanka.

Ƙanwarka, Mardiya

*

Darrasa
9 ga Fabrairu, 2014

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ya jiki? Mardiya, ki karanta masa duka, da ƙarfi, kada ki tsallake komai.

Na gane saƙonka tun farko, ƙarya na yi da na nuna kamar na nema. Ranar da takardar ta zo, zaren ya faɗo a gaban Habibu, wanda muke ɗaki ɗaya. Ya tambaya, na ce Malam ne ke ciwon ƙafa, yana son abin da zai kare ta daga ruwa. Nan take ya ce, "Ai huffi yake nufi!" Kafin la'asar mutum shida sun rako ni bayan masallaci, kowa na son ya sa hannu a zaɓa wa Malam don ya samu albarka. Ina tsaye ina kallo aka naɗe shi a takarda. Kalma ɗaya ce za ta tsayar da su, na kasa faɗinta. Sunan Ɗanmalam kuwa, a shekarar farko wani ya ji ƙira'ata ya ce wannan daga gani ɗan malam ne, ban musa ba. Daga baya ni na ƙara makaranta da littattafan da bakina.

Da takardar Mardiya ta zo, na tafi unguwar Abbasiya wajen Hamad, wani Bahaushen Sudan da ke tuƙa wani attajiri a unguwar Mohandessin. Duk sanyi shi ke kai maigidansa harbin agwagwa a Fayyum. Na ba shi labari. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Tsohonka na harbin dinya da bindiga mai baki ɗaya, kai kuma kana ɓoye shi? Maigidana da bindigoginsa uku sai ya wuni bai sami ko gashi ba. Yalla, mu je, ɗauko zaren."

Ya kai ni wani shagon kayan masunta a wajen Ataba. Iri uku muka tarar. Na fara kai hannu kan wani mai kauri kamar katifa, don shi ya fi kyau a ido. Hamad ya buge min hannu ya ce na ƙasar ƙanƙara ne, in ka sa shi a zafin Nguru dafa ka zai yi, gumi kuma ya sauka kan ciwon. Na biyu shara-shara ne, ya ce kacala za ta tsaga shi a fitar farko. Muka tsaya kan na roba mai shafin yadi a ciki, launin laka, ba ya sheƙi. Ya juya ƙasan takalmin ya nuna min haƙoransa, ya ce irin wannan ne ke kama taɓo. Ya sa aka ƙara lamba biyu a kan farin zaren saboda ƙyallen ɗaurin ciwo. Baƙin zaren kuwa ya tsaya daidai bakin ƙirjin wandon. Ya ce in gaya maka kada ka taɓa shiga ba ka ja ɗamarar ƙugu ba, don in ka zame, wandon zai cika ya ja ka ƙasa.

Sai ya ce saura gwaji, kuma ba a shago ake yi ba. Na zo da shi ɗakinmu, na cika babban bahon wanki, na sa wandon na shiga na tsuguna. Su Habibu suka taru suna dariya, wai Ɗanmalam ya zama kwaɗo. Ina cikin bahon na ce musu, "Na mahaifina ne. Maharbi ne, ba shi da makaranta. Huffin da kuka zaɓa ya ci masa yatsu biyu."

Dariya ta ɗauke. Habibu ya miƙe ya ce, "Wato da hannunmu ka sa muka cuci tsoho? Mun yi wata uku muna fama da babin farauta a fiƙihu, muna gardama kan abin da ba mu taɓa gani ba, kai ɗan gwani kana zaune ka yi gum! Khalas, shi ke nan, kada ka ƙara yi min magana." Yau kwana shida ke nan bai kula ni ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Na yi awa guda a cikin bahon, ko ɗigo bai shiga ba. Wata hajiya da ta zo ganin likita za ta taho da shi. Na san farin zaren na ƙafa mai yatsu biyar ne, kuma ba ni da abin da zan aiko ya cike wannan. Ban ce ka bar fadama ba. Ka yafe min.

Ɗanka, Ukasha

*

Bakin Kacala
16 ga Nuwamba, 2014

Ukasha,

Wa alaikumus salam. Wata tara wandon na rataye, sai yanzu ƙafa ta rufe, tsuntsaye kuma suka dawo. Jiya na shiga tun hantsi har la'asar, na fito a bushe da dinya biyu. Wanda ya zaɓa ya san ruwa. Ka gaida Hamad, ka ce ina jan ɗamarar. Habibu kuma ya yi haƙuri, ba shi ya tura ni ruwa ba.

Takalmin hagun ya yi min yawa daga gaba, wajen da yatsun suke a da. Na naɗe huffinka guda na cusa a gurbin, ya zauna daram.

A bayan ambulan na sa Mardiya ta rubuta Ukasha ɗan Sada maharbi. Na gaya wa mai kawowa, in ba a san mai wannan suna a Darrasa ba, ya dawo min da takardata.

Mahaifinka, Sada