Sandar Tagulla a Bakin Injin Dogo

Zuwa ga abokiyar zamana, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da babbar 'yarmu da maigidanta da jikoki. Yaya ƙafar taki, ta daina kumburi? Ni jikina lau. Allah ya ƙara mana haƙurin rashin Dogo, ya haskaka makwancinsa.

Saƙonki ya iso ta bakin 'yarmu, cewa ba za ki dawo gidan nan ba muddin injinsa na sassaƙar ƙarfe yana ɗakin baya. Ban ga laifinki ba. Ina roƙon dai ki saurari abin da ya tsayar da ni.

Kin tuna ranar da ya shigo da shi cikin kwali, duk jikinsa giris, ya ɗauki bahon wankinki ya wanke shi da kananzir? Kika ce masa, "Kai Dogo, samari na kawo mata gida, kai ƙarfe ka kawo mana?" Ya ce, "Umma, wannan amaryar ba ta neman zane, ɗan mai kawai take sha." Ya sa aka haɗa masa tebur daidai tsayinsa, ya yanka gwangwanin madara ƙanana ya cusa ƙarƙashin ƙafafun injin har ya zauna ba gargada. Ya cire giyoyin roba ya sa na ƙarfe. Da yake bahago ne, ya mayar da makunnin ɓangaren hagu.

Mai waldan bakin titi ya zo ya duba, kuma yana son ɗauka. A nan na lura akwai sandar tagulla ɗaure a bakin injin, an sassaƙe rabinta. A gefenta kuma ga karyayyiyar sandar naɗin zare ta keken ɗinkinki, wadda muka nema har muka gaji. Ashe ita yaron nan yake yi miki a ɓoye, ciwo ya riga shi.

Mai walda ya kai hannu zai kwance ta, na riƙe hannunsa. Dogo ya sha gaya mini, "Baba, in an ɗaure aiki a bakin inji ba a kwancewa sai an gama. In ka kwance, ba zai ƙara komawa tsakiya ba, ko da silin gashi ne sai ya goce."

Ki ba ni ɗan lokaci in ƙarasa. Daga nan injin zai bar gidan, na yi miki alkawari.

Ki gaishe da kowa.

Naki har kullum,
Maigidanki

*

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum, tare da fatan kina lafiya, kuma kina shan maganinki a kan kari. Na samu amsarki, na karanta inda kika ce mutumin da ya kasa canza ƙwan lantarki sai ya kira yaro ba shi ne zai sassaƙa tagulla ba. Wallahi na yi dariya, karo na farko tun rasuwar. Na gode.

Ba ni da damar gwaji a injin Dogo, domin bakinsa a cike yake da aikinsa. Don haka mai walda ya haɗa ni da wani dattijo mai babban inji a bayan garejin motoci, ina zuwa da safe ina koyo a kan tarkacen ƙarfe. Ya hana ni matsowa da riga mai faɗin hannu, ya ce injin ba ya sanin dattijo. Na lalata ƙarfe da yawa, amma hannuna ya fara faɗawa.

Sai kuma batun tebur. Kin san kaina a kafaɗar yaron nan yake tsayawa. Na ɗora bulo na hau, na ga in na zame zan faɗa kan wuƙar injin. Dole na kira kafinta ya rage ƙafafun teburin. Lokacin da yake jan zarto ban iya tsayawa a ɗakin ba, na fita tsakar gida na zauna kan kujerarki. Da ya gama, na sake daidaita injin da ma'aunin ruwa, da 'yan gwangwanayen da Dogo ya yanka da hannunsa. Makunnin kam ban taɓa ba, na bar shi a hagu.

Da na ja baya na dubi teburin, sai na ce a raina, yanzu in ya shigo sai ya sunkuya, zai yi mita. Na daɗe a tsaye kafin in tuna.

Guntayen katakon da aka yanke suna cikin akwatina. Kada ki tambaye ni amfaninsu.

Naki,
Maigidanki

*

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da 'yarmu da yaran. Allah ya sa kin tashi lafiya.

An gama.

Jiya da hantsi na kunna injin. Ƙararsa na tashi, maƙwabciyarmu mai kitso ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Dogo, yau kuma da wuri aka fara damunmu?" Sai ta toshe bakinta da mayafi ta sauka. Ina jin kukanta har na kai ƙarshen sandar.

Sandar ta shiga keken daidai, kuma tana juyawa. In kika shafa ta da farce za ki ji inda hannunsa ya tsaya nawa ya fara: nasa sumul, nawa da kaushi. Dattijon ya ce in goge da sanfefa su zama ɗaya. Na ƙi.

Abin da ban zata ba shi ne abin da ya same ni da na juya na ga bakin injin a buɗe, ba komai a ciki. Duk kwanakin nan da sandar take ɗaure, ji nake kamar yaron ya fita sayen wani abu ne, zai dawo ya ƙarasa aikinsa. Yanzu babu wani aiki da ke jiransa a gidan nan, kuma ni na kammala shi da hannuna. Ke kin guji ɗakin don kin san ba zai dawo ba. Ni sai jiya na sani.

Da yamma mai walda ya zo da abokinsa suka kwance notuna suka ɗauke injin. Na gaya masa makunnin yana hagu, kuma kada ya bar injin ba mai. Teburin yana nan da ramukan noti a samansa. Na ɗora kekenki a kai, ya rufe su, kuma tsayin ya yi daidai da ke.

Ban naɗa zare a sandar ba. Ke ya yi wa, ke za ki fara.

Na cika alkawari. Ki dawo gida, shirun ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Naki har kullum,
Mahaifin Dogo