Tambayar Baba Iliya

Lahadi da dare, Dungas

Na gaji tiɓis. Yau ma mutane kaɗan ne suka zo sujada. Matasanmu sun fi son wa'azin da suke kallo a waya, na wani mai cewa mai bangaskiya ba ya asara.

Da aka tashi, Baba Iliya, dattijon majami'armu, ya tsaya bakin ƙofa yana murza hularsa. Geronsa ya ƙone bana, ruwa ya ɗauke da wuri. Ya ce, "Fasto, jikana ya kunna mini wa'azin nan. Ashe bangaskiyata ce ta gaza?"

Mutumin da ke takowa daga ƙauye kowace Lahadi da ciwon gwiwa! Na ce, "Baba, tawa gonar ma ta ƙone. Almasihu kansa ya sha wahala, Uba kuwa bai daina ƙaunarsa ba."

Ban san ko ya gamsu ba. Ya dai ce, "To, ka zo gobe mu yi addu'a a gonar."

Ya Ubangiji, ni ma zuciyata ba ta kwanta ba. Amma zan je.