Lemon Citta da Hausar Hanan

Wangsa Maju, Kuala Lumpur
8 ga Yuli, 2021

Zuwa ga Yaya Hureira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Hajiya? Allah Ya ƙara mata sauƙi, Ya yaye mana wannan annoba. Mu nan lafiya lau, sai zaman kulle da ya ishe mu. An rufe jami'a, ƙaninki ba ya wuce kedai, wato ɗan shagon da ke ƙasan benenmu, Hanan kuma ta waya take karatu.

Yaya, rubutowa na yi domin in na kira ki haushi ba zai bar ni in yi magana a tsare ba. Yau kwana goma sha tara Hajiya ba ta ɗaukar wayar ɗanta, kuma na san labari ya iso miki wai giya yake dafawa a gida. Wallahi ba haka ba ne.

Kin san halin Abban Hanan, ba ya iya zama haka kawai. Da aka hana su shiga ɗakin gwaje-gwaje, sai ya dawo min kicin. Ya kalli wani bidiyo, ya ce shi lemon citta mai gas zai koya. Citta ce fa da sukari da lemon tsami, a ɗura a kwalba kwana biyu ya yi kumfa, a sa a firij. Ya cika min kantar kicin da kwalabe, rannan ɗaya ta fashe na yini ina goge silin. Ba zan ɓoye miki ba, akwai wadda ya manta da ita mako guda, da ya buɗe ya ji warin ya sauya, da kansa ya tuttular ya ce ba ya wasa da shubuha. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne iyayinsa. Sai da ya manna wa kowace kwalba takarda da sunan da Turawa ke kiran abin, wai ginger beer. Na ce ya rubuta citta kawai ya huta, ya ce ni ban san kimiyya ba.

Sauran laifin nawa ne. Ina tsakiyar tuƙa tuwo Hanan ta zo ta tambaye ni da Turancinta yadda ake cewa beer da Hausa. Ko juyowa ban yi ba na ce giya. Ashe shirin gaisawa da Hajiya take yi. Kin san yadda Hajiya ke mana gorin jikarta ta kai shekara bakwai ba ta jin Hausa, a ce mata ina kwana ta amsa da yaren mutanen nan, wai boleh. Da aka kira, yarinyar nan ta gyara zama ta ce tiryan-tiryan, "Hajiya, Abba yana dafa giya, ni ma na sha, akwai daɗi." Tun da aka haife ta ba ta taɓa haɗa magana mai tsawon haka da Hausa ba. Tana washe baki tana jiran a yaba mata, Hajiya ta yi salati ta kashe waya.

Tun daga ranar ba mu huta ba. Kawu Abdussalam ya turo wa'azin minti goma sha ɗaya, wai an tura yaro neman digiri na uku ya ɓuge da burukutu. Mun tura bayani, mun tura hoton cittar, ba wanda ya buɗe. Ƙaninki ya zubar da kwalabe goma sha huɗu a rana ɗaya, ya ajiye rubutun digirinsa, abinci ma sai na yi da gaske. Da hanya a buɗe take da tuni ya taho Kano ya durƙusa a gabanta, amma in ya fita yanzu ba lallai a bar shi ya dawo ba. Hanan kuwa ta rufe baki, ta ce Hausa ce ta ɓata wa Hajiya rai, ba za ta ƙara yi ba.

Don Allah Yaya, ki sayi citta da lemon tsami ki je gida ki haɗa a gaban Hajiya, na rubuta miki yadda ake yi a bayan takardar nan. Ki gaya mata kalmar daga bakina ta fito, in akwai fushi ni ya kamata a yi wa.

Ki gaishe min da Baban Sharifa, da Hassan da Usaini, da Kawu Abdussalam duk da wa'azinsa. Babbar Sallah saura kwana goma sha biyu, kuma Abban Hanan bai taɓa fita Idi bai ji addu'ar Hajiya ba. Kullum bayan la'asar sai ya kira, wayar ta yi ta ƙara har ta tsinke. Ki ce mata ba sai ta yafe yanzu ba. Ko faɗa za ta yi masa, ta ɗauka ta yi, muryarta yake so ya ji.

Ƙanwarki,
Ruƙayyatu