Rufin Saƙar Ketura

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Na'urar waƙoƙi ba ta tashi ba. Na kashe na kunna, baƙin allo ne da layin rubutu fari guda ɗaya. Daga cikinta wani sauti yake fitowa, ƙas, ƙas, kamar ɓera yana gwaguyar gyaɗa.

Bari in jera abin da na sani, kamar yadda muke yi a ɗakin labarai kafin a firgita. Tsohuwar kwamfuta ce da ɗana Victor ya mayar rumbun waƙoƙin gida, tana aika su ga lasifikar falo da wayoyinmu. A ciki akwai duk abin da matata Ketura ta rera da zumuntar mata, na Hausa da na Bura. Kaset ɗin asali suna gidan ƙawarta Tabitha a Gamboru lokacin ambaliyar bara, ruwa ya gama da su. Ketura ta rasu a watan Mayun bara. Kwafi na biyu babu.

Na jera. Gobe zan kira Victor.

Talata, 8 ga Afrilu

Na kira Victor a Abuja. Ya ce faifan ajiya biyu ne a ciki, iri ɗaya, rana ɗaya ya saye su. Ɗaya yana ɗauke da babbar manhajar da ke tayar da na'urar, ɗaya yana ɗauke da waƙoƙin. Wannan ƙas-ƙas kukan faifan da ke mutuwa ne.

Na ce, wanne daga ciki?

Ya ce, "Baba, kar ka sake kunnawa."

Laraba, 9 ga Afrilu

Tabitha ta biyo da yamma. Matan zumunta suna son waƙoƙin don ibadar cikar Ketura shekara da rasuwa. Na ce mata ina kan gyara sunayensu, wanda gaskiya ne tun bara: ba na sakin abu sai na tabbatar da suna da shekara. Ta ce, "Baban Victor, waƙa ce fa, ba jarida ba." Ban gaya mata na'urar ta lalace ba. Na ba ta ruwan sanyi, ta sha tana kallon teburin da na'urar take kai.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Ko abinci.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Hamisu ya zo bayan an sauko daga masallaci, tun daga Gomari, cikin wannan rana. Shi ne mai kula da kwamfutocinmu a jarida har muka yi ritaya tare. Da gaisuwar Barebari ya shigo: "Wushe, Edita! An ce ka kashe rediyon uwargida."

Bai kai ga zama ba ya tsaya yana kallon teburin. Ya ce mene ne wannan? Na ce rufin da Ketura ta saƙa wa na'urar ne da kwarashi, ulu shuɗi da fari. Duk abin da ke falon nan yana da nasa, har talabijin da rediyo.

"A kunne take ka lulluɓe ta?"

Na ce tun bayan jana'iza. Victor ya bar ta a kunne dare da rana don ya riƙa ji daga Abuja, ni kuma na mayar da rufin, don haka na saba ganinta.

"A Maiduguri? A Afrilu? Edita, ko akuya ka sa wa suwaita yanzu ai ta suma."

Ya kwance murfin na'urar. Fankar ciki ta toshe da gashin ulu shuɗi, ba ta ko motsi. Sai a lokacin na tuna: in Ketura za ta kunna, takan yaye rufin ta ninke, sai ta kashe take mayarwa. Sau nawa na gani? Ban taɓa tambayar dalili ba.

Hamisu ya ga fuskata ya daina dariya. Ya ce gobe da safe, kafin zafi ya taso.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ya zo da filash mai ɗauke da manhajar, da sabon faifai. Ya zare wayar ɗaya daga cikin tsofaffin, ya kunna. Ƙas, ƙas. To, mun san mai ciwon, ba mu san abin da ke cikinsa ba. Ya cire shi ya ajiye a kan tebur, ya jona ɗayan, ya tayar da na'urar daga filash don mu leƙa.

Na fita tsakar gida. Ni da na taɓa tsayawa ina ɗaukar bayani ana harbi a bayan layi. Na tsaya ƙarƙashin dogonyaro ina kallon tulun ruwa.

"Edita! Zo ka karanta, idona ba kyau."

Ƙarya yake, idonsa ya fi nawa. Sunayen suna nan jere a allo, Zumunta 1998, Zumunta 2003, har ƙasa. Mai manhajar ne ya mutu.

Ban yi murna ba tukuna. Wajen saka sabuwar manhaja akwai inda na'ura ke tambaya wane faifai za ta share, kuskure ɗaya shi ke nan. Hamisu ya ce ya yi wannan aiki tun ina da gashi. Na ce ban yarda ba, ya zare wayar faifan waƙoƙin gaba ɗaya in ga bakinta da idona. Ya ce, "Har yanzu kana nan da jan biro." Amma ya zare.

Ana cikin sakawa inbata ta fara kuka, batir ya yi ƙasa. Na bi gida na kashe firji da fanka da komai. Muka zauna muna ɗigar gumi, muna kallon layin nan na allo yana rarrafe. Ya kai.

Zai zo Litinin ya jona sauran, yau akwai ɗaurin aure.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ban iya jira ba. Bayan coci na mayar da wayar faifan yadda na ga ya yi, na kunna, na buɗe inda aka rubuta waƙoƙi.

Fayau. Babu ko ɗaya.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Abin da ke yawo a kaina shi ne, ba na iya tuno yadda take ɗaga murya a baiti na biyu. Kalmomin suna nan, muryar ce ba ta zuwa. Wata goma sha ɗaya na'urar nan tana kunne a falona, ban taɓa danna ko waƙa ɗaya ba.

Na kira Victor. Na ji muryata kamar ta wani. Ya ce, "Baba, numfasa. Sabuwar manhaja ba ta san faifan ba, sai an nuna mata hanya." Ya karanto mini haruffa ɗaya bayan ɗaya, ina bugawa da yatsa ɗaya, ina maimaita masa kowanne kafin in danna.

Waƙoƙin suka dawo. Na ji yana jan hanci a can. Na ce masa mura ce ke yawo.

Talata, 15 ga Afrilu

Hamisu ya sa sabuwar fanka jiya. Ya kwafe komai a filash uku. Ɗaya na Victor, ɗaya a akwatina, ɗaya na kai wa Tabitha da kaina. Rabin sunayen ba daidai ba ne, wasu ma ba su da shekara. Ta ce su sun san waƙoƙinsu.

Da na dawo na danna ɗaya, don in gwada lasifika kawai. Ta 2003 ce. Kafin a fara kiɗa akwai hayaniyar mata, sai tari, sai ita, kusa da makirufo: "Baban Victor, ka danna jan maɓallin kuwa? Ka tabbata?"

Na amsa mata. Da ƙarfi, ni kaɗai a falo.

Lasifika lafiya lau. Na bar ta ta kai ƙarshe, da wadda ke biye.

Rufin yana ninke a hannun kujerata. In na kashe zan mayar. Ban kashe ba tukuna.