Jinkar Ɗakin Inna

Kalgo, 13 ga Yuni, ƙarfe tara na safe.

Yaya Hajara, assalamu alaikum. Ya maigida da yara? Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Jiya hutun Ranar Dimokuraɗiyya, kowa yana gida, sai Kawu Bello ya ce a yaye jinkar ɗakin Inna a Gwandu a ɗora sabuwa. Na riga na duba bayanan zafi da ruwan sama na shekarun baya a jami'a. Na gaya masa da wuya wannan mako ya wuce ba a yi ruwa ba. Ya ce, "Ɗan boko, kai ne Mala'ika Mika'ilu?" Aka yi dariya, aka yaye.

Da la'asar ruwa ya sauko. Bangon gabas ya zube, Inna da tsufanta ta kwana a zaure tana tari. Yanzu Kawu yana yaɗa cewa bakina ne ya kira ruwan, ya hana ni shiga gaishe ta kafin in dawo Kalgo da safen nan.

Ki sa mu a addu'a, ki gai da kowa. Ban sani ba ko sauran bangon zai tsaya, ko tarin na sanyi ne kawai, ko Inna ma ta yarda da maganar Kawu.

Ƙaninki, Sani.