Takwarar da Aka Hana Ni

Talata, 3 ga Satumba
Mace ce, likita ya tabbatar. A Disamba za ta zo. Jikata ta fari ta wajen ɗana Saverio, wato takwarata. Ban tsaya wata-wata ba na sayo ƙyalle ruwan hoda wanda za a rataya a ƙofarsu ranar haihuwa, na fara ɗinka sunan da zare mai ruwan zinariya: Addolorata.

Lahadi, 8 ga Satumba
Tun safe nake murza musu taliya da hannu. Sai da suka cika ciki sannan Ilaria, matar Saverio, ta ajiye cokali ta ce wai Aurora za su sa wa yarinyar. A waya ta tsinto shi. Wai ma'anarsa ketowar alfijir, asalinsa sunan wata allahiyar Romawan da ne, kuma shi ake yayi yanzu daga Milano har nan. Na ce yayi, sai ka ce takalmi? Na dubi ɗana. Gogan naka farantinsa yake kallo kamar yau ya fara ganin miyar tumatir.

Ni sunan kakata na ɗauka, ita ma na tata kakar. Wa ya tambaye mu ko muna so?

Litinin, 9 ga Satumba
Saverio ya kira. Ban ɗaga ba.

Lahadi, 15 ga Satumba
Ranar masu sunana, bikin Maryamu Mai Baƙin Ciki, wato Addolorata. A coci mu huɗu kacal muka rage masu sunan, ƙaramar cikinmu ta ba sittin baya. Maƙwabciyata Nunzia, mai takwara har biyu, ta tare ni a bakin ƙofa. "Dora, wai da gaske surukarki ta ce sunanki ya tsufa? Da ni ce, da na shige ɗaki ban sake fitowa ba." Na ce ta ji da hawan jininta. Amma maganar ta soke ni, ƙarya ba amfani.

Da yamma Saverio ya zo da kek. "Mama, ke kanki yaushe rabonki da amsa Addolorata? Baba har ya rasu Dora yake ce miki." Na ce Dora na cikin gida ne, wancan shi ne asali. Wai ba ya son ɗora wa 'yarsa baƙin ciki tun tana tsumman goyo. To ni da aka ɗora wa, mutuwa na yi? Na ce in Aurora ce, kada su neme ni ranar baftisma, na kuma haɗa shi da kek ɗinsa. Mai lemon tsami ne ma, irin wanda nake so.

Alhamis, 19 ga Satumba
Na gama ɗinkin. Ya yi kyau, ko maƙiyi ya gani sai ya yaba. Su san inda za su kai shi.

Laraba, 2 ga Oktoba
Ilaria ta haihu. Bakwaini. An sa yarinyar a kwalba.

Juma'a, 4 ga Oktoba
Na je asibiti. Ba don kowa ba, jinina na je gani. Duk jikinta bai fi tafin hannun mijina marigayi Vito ba, ga wayoyi ta ko'ina, ƙirjin nan yana sama yana ƙasa kamar na ɗan tsako.

Ilaria ta riƙe mini hannu, idanu sun kumbura. "Mama, alhakinki ne ya kama ni. Na ce wa Saverio ya je ya rubuta Addolorata. Ki yafe mini, ko Allah zai bar mini ita."

Ban taɓa jin haushi irin na yau ba. Mayya ta mayar da ni? Wato ni zan zauna ina jan ran jikata saboda suna? Kuma yarinyar da ke kokawa da numfashi, ita za a laƙaba wa Mai Baƙin Ciki, a ce don a faranta mini? Na ce, "Rufe mini baki, 'yar nan, ki sha romonki." Shi kuwa Saverio na ce in ya kuskura ya taka ofishin rajistar haihuwa kafin in yi magana, zai gane ni na haife shi.

Asabar, 5 ga Oktoba
Na farke ɗinkin. Ba wani abu ba ne, sunan ya yi wa ƙyallen tsawo, tun farko na lura. Da zaren da na zare na ɗinka ɗayan sunan, har ya yi saura.

Ni na rataya shi a ƙofarsu da hannuna. Nunzia ta biyo ni ganin ƙwaf, ta karanta, ta buɗe baki za ta fara. Na ce, "Karanta da kyau. Ni na zaɓa."

Har yanzu sunan bai yi mini ba. Nas ta ce yau jaririyar ta ɗan sha nono. Ina wanke-wanke na ji bakina yana ta maimaita shi, don dai in ji ko zai saba kafin a sallamo ta.